BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: MAGANA KAN ATISAYE DA JIKIN YARANMU 'YAN ƘWALLO



A Suleja babu unguwar da ba ta da ɗan ƙwallonta. Daga Kwamba zuwa Madalla, daga Maje zuwa Rafin Sanyi, da an idar da sallar asuba za ka ga samari a gefen titi suna sassarfa, da la'asar kuma filayen makarantun firamare sun cika maƙil. Waɗansu daga cikin yaran nan sun wuce wasan nishaɗi. Sun sa hannu a takarda da makarantun koyon ƙwallo na Abuja, ko da ƙananan kulob-kulob masu buga gasar NLO da ta NNL. Burin kowa ya wayi gari a Minna sanye da rigar Niger Tornadoes, ƙungiyar jiharmu da ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2000, daga nan kuma sai Turai in Allah Ya nufa.

Mu da muka haura arba'in mun ga rukuni-rukuni na irin waɗannan yara sun taso sun wuce. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya taka leda ba rashin iyawa ne ya tsayar da su ba. Gwiwa ce, ko cinya, ko idon sawu, tun kafin a san su a wajen unguwa. Yau wani yana tsaron shago, wani yana jan Keke, idan ka tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ƙafa ce ta ƙi." Mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne komai da nufin Allah. Amma an umarce mu da bin sababi, kuma babban sababin da muke gani shi ne yadda ake ɗora wa jikin yaro nauyin atisaye ba ma'auni. Kan wannan muke son mu tattauna yau.

YADDA ATISAYE KE GINA JIKI

A wajenmu, kocin kirki shi ne wanda yake "kashe" yara a fili. Idan yaro bai yi amai ba, ko bai koma gida yana jan ƙafa ba, to ba a yi aiki ba ke nan. Iyaye ma haka suke auna shi. Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a cikin jiki tukuna.

Lokacin da ɗan wasa yake atisaye mai tsanani, ƙarfinsa raguwa yake yi. Tsokokinsa suna samun 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, abincin da jiki ya adana a cikin tsoka yana ƙarewa, ruwa da gishiri suna fita da gumi. Sai ya ci abinci, ya sha ruwa, ya yi barci, sannan jiki yake gyara abin da ya lalace, har ya ɗan ƙara a kai don shirin gaba. Wannan ƙarin shi ne ƙarfin da ake nema. Idan aka sake dukan jiki kafin ya gama gyara, yau da gobe sai ya riƙa komawa baya maimakon ya ci gaba. Manomanmu sun san wannan a gona: taki yana sa masara ta yi kyau, amma ka juye mata buhu guda a gindi rana ɗaya ka ga yadda za ta ƙone.

Akwai kuma wani abu da yara ba su sani ba. Gaɓoɓin jiki ba tare suke ƙarfafa ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni yaro zai ji numfashinsa ya ƙaru. Jijiyoyin da ke riƙe da gwiwa da idon sawu, da shi kansa ƙashi, sai an ɗauki watanni. Shi ya sa yaro zai ji kamar zai iya tashi sama, ya ƙara gudu ya ƙara tsalle, alhali jijiyarsa ba ta kai wurin ba. A nan ake samun matsala.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba muna cewa a rage wa yara aiki su kwanta ba. Wasan manya na minti 90 yana cin kilomita 10 zuwa 12 a ƙafar ɗan wasa, cikinsu akwai gudun tsiya, da birki, da juyi, da karo. Wanda bai shirya wa wannan ba shi ma raunin yana jiransa. Abin tambaya shi ne wane irin aiki, nawa, kuma yaushe.

A 2001 wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Jan Helgerud da abokan aikinsa sun yi gwaji da matasan 'yan ƙwallo. Sau biyu a mako, har tsawon mako 8, suna sa su gudu mai tsanani na minti 4, su yi sassarfa ta minti 3, su sake, har sau 4. Ke nan gudun mai zafi bai wuce minti 16 ba a kowane zama. Da aka gama, ƙarfin jikinsu na zuƙar iska da amfani da ita ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, nisan da suke gudu a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, yawan gudun tsiya da suke yi a wasa kuwa ya ninka. Daga baya wani bincike a Italiya ya nuna cewa wasan 'yan kaɗan-kaɗan a ƙaramin fili, kamar huɗu da huɗu, idan aka yi shi da zafi, yana ba da irin wannan amfani, ga kuma ƙwallo a ƙafa.

Ku gwada wannan da abin da muke gani a nan: yaro ya tashi shi kaɗai ya bi kwalta daga cikin gari har kusa da Dutsen Zuma ya dawo, kullum, da takalmin da ƙasansa ya cinye. Wahala dai ya sha ta. Amma gudun a hankali ne, bai yi kama da na cikin wasa ba, kuma kwalta tana dukan ƙwauri da gwiwa a kowane taku. Yawan wahala daban, yawan amfani daban.

HATSARIN YANA CIKIN TSALLE

Wani masani ɗan Ostireliya, Tim Gabbett, ya fitar da wani rubutu a 2016 wanda ya yi tasiri ƙwarai a wajen masu horar da 'yan wasa. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, 'yan wasan da suka saba da aiki mai yawa, aka kai su can sannu a hankali, sun fi tsira daga rauni. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne waɗanda aikinsu ya yi tsalle farat ɗaya. Ya ba da shawarar a riƙa gwada aikin wannan mako da matsakaicin aikin makonni 4 da suka wuce. Idan na wannan mako ya zarce ninki ɗaya da rabi na abin da aka saba, an shiga wurin da ya kamata a yi hattara. Masana suna ta muhawara kan ainihin lambar, amma kusan kowa ya yarda da tushen maganar: jiki ba ya son ba-zata.

To mu a nan, rayuwar ɗan ƙwallonmu kusan duk ba-zata ce. Ga wurare uku da muka fi ganinta.

Na farko, gwaji. Yaro yana zaune gida wata guda ko biyu, kulob ya tafi hutu ko kuɗi sun yanke, atisayen sai jefi-jefi. Kwatsam sai a bugo waya: ranar Litinin akwai gwaji a Abuja, masu neman 'yan wasa za su zo. Sai ya tashi haiƙan, safe da yamma, kwana biyar, wai yana neman ya rama abin da ya wuce. Ya isa wurin gwajin da gajiya a jiki, a can kuma a sa shi wasa kullum har kwana uku ko huɗu. Ranar da ya kamata ya haska ita ce ranar da cinya ke tsinkewa. Hausawa sun riga sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfin jiki yana fara zubewa cikin mako biyu zuwa huɗu na zama, kuma ba a dawo da shi a kwana biyar.

Na biyu, gasannin unguwa. Kofin Sallah, kofin ƙarshen shekara, kofin da ɗan takara ya sa. Muna son su, suna haɗa kan matasa. Amma yaron da ya fi iyawa shi ne kowace ƙungiya ke nema. Ya buga wa kulob ɗinsa ranar Asabar, ya buga wa unguwarsu ranar Lahadi, a ɗauke shi haya a wata gasa ranar Talata, kuma kocinsa bai san da ko ɗaya ba. Bayan cikakken wasa, jiki yana buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin ya dawo daidai. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan 'yan wasan wani babban kulob na Turai ya gano cewa yawan rauni ya ninka fiye da sau 6 a lokutan da suke buga wasa biyu a mako, idan aka gwada da wasa ɗaya. Waɗannan fa mutane ne masu likitoci da masu tausa da abinci na musamman, a kan ciyawa mai laushi. Ina ga namu da ke buga wasa uku a kan tsakuwa?

Masu zuwa gidan kallo sun san labarin Pedri na Barcelona. A kakar 2020/2021, yana ɗan shekara 18, ya buga wasanni sama da 70, ya je gasar Turai da Sifaniya, daga nan ya zarce gasar Olamfik a Tokyo ba hutu. Kakar da ta biyo baya ya shafe watanni yana jinyar cinya. Kafin shi akwai Michael Owen na Liverpool, wanda tsokar bayan cinyarsa ta yage a 1999 yana da shekara 19, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa bai sake samun gudunsa na da ba.

Na uku, tashi daga jinya. Zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya kwantar da yaro mako guda ko biyu, da ya ji ya iya cin tuwo sai fili, kuma ya shiga daidai inda abokansa suke. Ku tuna da Victor Osimhen. Shi ne ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015. Ya tafi Wolfsburg a Jamus, raunuka suka dame shi, bai ci ko ƙwallo ɗaya a gasarsu ba. A 2018 zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya je gwaji a Zulte Waregem da Club Brugge na Beljiyam jikinsa bai gama dawowa ba, duka suka ƙi ɗaukarsa. Da Charleroi ta karɓe shi ya samu ya murmure, a kakar nan ya ci ƙwallo 20. A 2023 shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce. Bambancin shi ne halin da jiki yake ciki ranar da aka auna shi.

NAUYIN DA BA A LISSAFAWA

Ɗan wasan Turai idan ya bar fili, hutu ya tafi. Namu idan ya bar fili, wani aikin ya tafi. Wani acaɓa zai hau har dare, wani dako yake yi a kasuwar IBB, wani leburanci a wurin gini, wani ɗiban ruwa ne ke jiransa a gida. Wanda kulob ɗinsa ke Abuja kuwa, tun duhun asuba yake fita neman mota, ya sha cunkoson Madalla da Zuba, ya yi atisaye, ya sake biyo hanya a matse cikin mota. Jiki bai san bambancin buhun siminti da atisayen koci ba. Duka a wuri ɗaya yake tara su.

Sai barci. Matashi mai ƙasa da shekara 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Wasannin Zakarun Turai suna tashi wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare a agogonmu, bayan nan a tsaya musu a ƙofar gidan kallo, a koma gida a ɗauki waya. Yaron da ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi biyar ya yi asarar rabin amfanin wahalar da ya sha jiya, domin cikin barci ake ginin.

Sai abinci. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada da ake tallatawa a intanet ba. Allah Ya hore mana doya da dankali da shinkafa da masara masu ba da kuzari, ga wake da ƙwai da kifi da awara da gyaɗa da nono masu gyara tsoka. Garau-garau da ƙwai ɗaya, ko fura da nono, ba da jimawa ba bayan an tashi daga fili, ya fi a zauna da yunwa har dare. Yaron da ya fita atisayen safe da ruwan leda ɗaya a ciki, ya wuni bai ci na kirki ba, jikinsa naman kansa yake ci.

Sai zafi. Kowa ya san ranar Suleja a watan Maris da Afrilu. Idan ɗan wasa ya zubar da gumin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65, gudunsa da tunaninsa sun fara raguwa. FIFA da kanta ta amince a tsayar da wasa a sha ruwa idan zafi ya kai wani mataki, kamar yadda aka gani a wasan Holan da Meziko a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil. Amma har yau akwai masu hana yara ruwa a fili wai don su koyi juriya. Ƙishirwa ba ta koya wa jiki komai. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce launin fitsari: idan ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. A watan azumi kuma, aiki mai nauyi ya koma bayan buɗa-baki, na rana ya zama mara nauyi.

Sai shekaru. Wannan magana ce mai ɗaci amma sai an faɗe ta. Wajen shekara 13 zuwa 15 yaro namiji yakan yi tsawo da sauri, ƙashi ya riga tsoka da jijiya miƙewa. A lokacin ne za ka ji yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige. Irin wannan yaro sassauci yake buƙata, musamman wajen tsalle-tsalle da gudu kan wuri mai tauri. To idan an rage shekaru a takarda, mai 21 ya zama mai 16, aka haɗa shi atisaye ɗaya da mai 16 na gaskiya, wa zai karye? Tun gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, kuma mun ga yadda gwajin ya zubar da 'yan wasanmu da dama a 2016. Ko ba don tsoron na'ura ba, koci yana buƙatar sanin shekarun gaskiya don ya san abin da zai ɗora wa kowa.

LITTAFI DA BIRO SUN ISA

Manyan kulob suna sa wa 'yan wasa wata 'yar riga mai na'urar GPS da ke ƙirga kowane taku. Mu ba mu da wannan, kuma ba dole sai da ita ba. Akwai hanyar da wani masani Ba'amurke, Carl Foster, ya yaɗa tun wajen 2001, wadda har manyan kulob suke amfani da ita. Bayan an tashi daga atisaye da kamar rabin awa, a tambayi kowane yaro shi kaɗai: daga 0 zuwa 10, yaya ka ji nauyin aikin yau? Sifili shi ne zama, 10 shi ne iyakar abin da zai iya. Sai a ninka amsarsa da mintocin da aka yi.

Ga misali. An yi minti 90, yaro ya ce 6. Nauyin ranar 540 ke nan. Gobe aka yi minti 60, ya ce 4, ya zama 240. A tara na mako. A ce yaron ya saba da kusan 2,000 a mako, sai ga makon gasar Sallah ya tashi 3,800. Ya kusa ninka abin da jikinsa ya sani, kuma ko bai yi ƙorafi ba, koci ya ga alama a takarda. Haka kuma idan aka ga mako uku a jere yana 600 saboda hutu, an san ba za a jefa shi cikakken wasa ranar da ya dawo ba.

Sharaɗin shi ne gaskiya. A tambaye shi a keɓe, domin a gaban abokai kowa zai ce 3 don kada a ce masa rago. Kuma ya faɗi wasan da ya buga a waje da aikin ƙarfin da ya yi, ba tare da tsoron za a hukunta shi ba. Idan yaro ya san faɗin gaskiya zai sa a ajiye shi a benci har abada, ƙarya zai yi, littafin kuma ya zama banza.

Bayan lissafin nauyi, sai a duba ko aikin yana haifar da ɗa mai ido. Duk bayan mako 6 ko 8 a yi gwaji iri ɗaya, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya na rana. Akwai gwajin Yo-Yo da Jens Bangsbo na Denmark ya ƙirƙiro, na kai-da-komo tsakanin alamomi biyu masu tazarar mita 20 ana bin ƙarar sauti, kuma ana samun sautin a waya. Ko kuma kawai a auna lokacin da yaro zai zagaye fili sau adadi kaza. Idan nauyi yana hawa a littafi amma sakamakon gwaji yana sauka, ga yaro ya rame, ba ya barci, ya zama mai saurin fushi, ƙwallon ma ta fita ransa, to ba ƙarin aiki yake buƙata ba. A ba shi kwana biyu ko uku, za a sha mamaki.

Tsarin mako ma yana da sauƙi. Idan wasa ranar Asabar ne, Lahadi hutu, Litinin aiki mara nauyi, Talata da Laraba a yi mai zafi, Alhamis a sassauta, Juma'a a ɗan taɓa ƙwallo kawai. Kwana ɗaya cur a mako ba ƙwallo. Ranakun zafi su yi zafi da gaske, ranakun sauƙi su yi sauƙi da gaske.

Akwai kuma ɗumama jiki. FIFA tana da wani tsari mai suna 11+, na kusan minti 20, wanda ya haɗa gudu, da ƙarfafa cinya da ciki, da tsayuwa kan ƙafa ɗaya, da koyon dira daidai bayan tsalle. Ba ya buƙatar kayan aiki. Kada wani ya ce abin Turawa ne: a Legas aka gwada shi kan matasa sama da 400 na ƙungiyoyi 20 a gasar matasa ta jihar, ƙarƙashin Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa, aka wallafa sakamakon a 2014. Ƙungiyoyin da suka bi tsarin sun samu raguwar rauni da kashi 41 cikin 100. Bidiyonsa yana nan kyauta a YouTube.

CIWO SAƘO NE

Jiki magayi, in ji masu iya magana. Akwai tsamin jiki na bayan aiki, wanda ke kama ɓangarorin biyu ya tafi cikin kwana biyu. Akwai kuma ciwon da ke wuri ɗaya, mai suka, mai kumburi, mai sa ɗingishi. Wannan na biyun ba a buga wasa a kansa. Abin takaici, a nan ne ƙwaya ke shigowa. Yaro ya haɗiyi maganin kashe zafi, wani har tramadol, don kada ya rasa gurbinsa. Ciwon bai tafi ba, ƙararrawar kawai aka kashe, ɓarnar tana ci gaba. Targaɗen da hutun mako biyu zai warkar sai ya zama na shekara. Kuma mai mafarkin Turai ya sani, tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa.

Masu ɗorinmu na gargajiya suna da wurinsu kuma mutane sun amfana da su. Amma jijiyar cikin gwiwa idan ta tsinke, ja da murzawa ba sa haɗa ta. Gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura nan take, ko take zillewa idan an taka, asibiti za a kai ta a yi hoto.

Akwai abin da ya fi gwiwa. Yaron da ya taɓa suma a fili, ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri idan yana gudu, ko aka taɓa samun mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, a tsayar da shi sai likita ya duba zuciyarsa. Manyanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola. Kusa da mu ma, a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ranar 8 ga Maris 2020 a wasansu da Katsina United, bai tashi ba. Kuɗin gwajin zuciya bai kai na takalmin ƙwallo mai kyau ba.

KIRANMU

Ga masu horarwa, mun san yawancinku ba a biyan ku ko sisi, daga aljihunku kuke sayen ƙwallo da ruwa. Allah Ya saka muku. Roƙonmu ku ƙara littafi ɗaya a cikin jakar, kuma ku daina hukunta kuskure da zagayen fili a tsakiyar rana.

Ga masu shirya gasa da masu sa kofi, ku bar aƙalla kwana biyu cikakku tsakanin wasa da wasa ga kowace ƙungiya. A lokacin bazara a fara wasa bayan la'asar, a tsaya shan ruwa a kowane zagaye, a tanadi ma'aikacin lafiya da abin hawa a bakin fili. Kofin da aka gama a kwana goma aka bar yara uku da sanda bai yi wa unguwa amfani ba.

Ga iyaye, musamman iyaye mata da suka fi kowa sanin lokacin da yaro ya canja, idan kun ga yana ɗingishi yana ɓoyewa, ku tambaya. Idan an san gobe yana da wasa, a ɗaga masa aikin ƙarfi na yau. Kuma kada ƙwallo ta raba shi da makaranta ko sana'a, domin ko wanda ƙafarsa ta kai shi, shekarun wasa kaɗan ne.

Ga ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu, ba mai hana ku nema. Ahmed Musa daga filayen Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka ɗaya, duniya ta san shi. Hanyar a buɗe take. Amma ƙafar nan ita ce jarinku, kuma ba a sayar da wata a kasuwa. Ku riƙe atisaye ko a lokacin hutu, ko da sau uku ne a mako, don kiran gwaji ya same ku a shirye. Ku koyi cewa a'a ga wasan haya na dubu biyu ko uku idan jiya kun buga. Ku faɗa wa koci gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙon duk wanda ya karanta ya tura wa koci ko mahaifin ɗan ƙwallon da ya sani. Idan akwai likita ko mai gashin ƙashi ko malamin motsa jiki a cikinmu da zai iya ba da awa biyu ya zauna da masu horar da yaran unguwanni, ya yi mana magana, za mu nemi wuri mu haɗa zaman.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su daga rauni da miyagun ƙwayoyi, Ya sa wahalarsu ta zama alheri gare su da garinmu baki ɗaya. Amin.

Sakataren Ƙungiya